Inuwar Yaya a Titin Fim

Litinin, da safe kafin in fita

Yau zan koma aiki. Mama ce ta ce in koma, wai zaman ɗaki ba ya dawo da kowa.

Littafin nan Yaya ne ya saya min ranar da ya kai ni wurin aikinsu, don in riƙa rubuta abin da ake koya min, tunda kaina ba ya riƙe abu. Ban ci ko rabinsa ba. Yanzu ban san me zan rubuta ba. Hannuna ne dai ke son yin wani abu.

Baƙi sun ragu. An mayar wa maƙwabta kujerunsu. Takalminsa yana nan a bakin ƙofa, kowa tsallake shi yake yi.

Litinin, hutun rana

Na ajiye wayata a akwatin bakin ƙofa kamar kullum. Doka ce, ba a shiga da waya, ba a fita da komai, ko hoto ɗaya, don fim na masu shi ne har ranar da za su fitar da abinsu.

Anti, shugabar ɗakinmu, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Ya ƙarin haƙuri, ƙanwata?" Na ce da godiya. Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, kullum da "Tela, ina almakashin?" yake tarbata, don daga shagon ɗinki Yaya ya ɗauko ni. Yau bai ce ba. Ya turo min burodinsa ya juya. Da ma ya tsokane ni.

Bari in rubuta aikinmu yadda Yaya ya faɗa min, kar in manta da bakinsa. Ya ce, "Auta, ɗinki ne, ba wani abu ba." Ana ɗaukar ɗan wasa a fili, bayansa babban koren yadi. Mu sai mu cire koren mu sa gari a wurin. Wani ya gina bango a kwamfuta, wani ya sa sararin sama, wani ya sa hayaƙi, Anti ta jera su wani kan wani har ido ya rantse akwai garin a duniya. Ni nawa yanka ne. In bi gefen mutum da biron kwamfuta, hoto bayan hoto, don ashe fim hotuna ne birjik suke gudu. Ya ce, "Wadda ta iya fitar da wuyan riga ba ta ci yadi ba, wannan ba zai gagare ta ba."

Tun safe kafaɗar wani mutum nake bi. Ban ji komai ba. Ɗakin dai da sanyi.

Talata, da yamma

Ba na son Talata. Na bi ta doguwar hanya, ban bi ta shataletalen da Yaya ya yi hatsari ba.

Alhamis, bayan na dawo

Na tarar da Mama a ɗakinsa tana zaune a bakin gado, katin aikinsa a hannunta. Hoton da ke jikin katin shi ne kusan duk abin da muke da shi, ya haɗe rai kamar an yi masa laifi. Shi kullum shi ne mai ɗaukar mutane, ba a ɗaukarsa. Wayarsa kuwa yadda aka kawo mana ita ba ta gyaruwa.

Ta ce, "Auta, fuskar yayanki ina da ita. Tafiyarsa ce take ɓace min. Jiya na rufe ido in ga yadda yake shigowa daga ƙofa, wallahi na kasa."



Ta ce, "A wurin naku na fim, babu inda aka ɗauke shi yana tafiya?"

Na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa.

Juma'a, da rana

Babu komai. Na ci abinci.

Lahadi, da hantsi

Kawu ya zo da wasu mutane suka ɗauke babur ɗin Yaya daga bayan gida. Ba turawa suka yi ba, ɗagawa suka yi. Mama ta kunna famfo a banɗaki har suka tafi.

Litinin, hutun rana

Yana nan.

Litinin, da yamma

Ɗazu na kasa rubutawa. Bari in gwada a hankali.

Aikin Yaya a filin ɗaukar fim shi ne riƙe ƙwallaye biyu a kan sanda, ɗaya ruwan toka, ɗaya kamar madubi. In an gama ɗaukar ɗan wasa sai ya shiga gaban kyamara da su, don masu gina gari su ga daga ina haske yake zuwa, su yi wa bangonsu irinsa. Ba a sa wannan a fim.

To akwai wani yanki na fim ɗin, wani tsoho yana tafiya da jaka a hannu, rana ta yi ƙasa. Ashe Yaya ya ɗauka an gama, ya shigo ta gefen hagu da sandarsa. Ya yi tafiya a bakin hoton, sai ya gane, ya ɗaga hannu yana dariya ya fice. Kuma darakta ya ce a duk ɗaukar da aka yi wannan ce tsohon ya fi yin kyau, ita yake so. Don haka sai an goge Yaya.

Dogo aka ba aikin. Ya karkatar da fuskar kwamfutarsa ya ba ni baya, abin da bai taɓa yi ba, shi ya sa na leƙa.

Rigar nan ce mai ruwan ƙasa da na ɗinka masa, wadda aljihunta ya karkace.

Anti ta taso ta ce, "Ƙanwata, koma teburinki." Na ce ni zan yi. Ta ce a'a. Na ce, "Anti, don Allah ni zan yi." Dogo ya ce, "Tela, bar shi, yini ɗaya zan gama." Na ce shi ya sa.

Anti ta dube ni ta daɗe. Ta ce Juma'ar sama ake son shi.

Talata, hutun rana

Na kunna, na mayar, na kunna. Ban yanka komai ba.

Babu sauti a namu. Sautin yana wajen wasu. Bakinsa yana buɗewa, ban san me ya ce ba. Ina jin "ku yi haƙuri" ne.

Yana ɗan jan ƙafar hagu, tun karayar da ya yi a wajen ƙwallo yana yaro. Ni ma ashe na manta.

Laraba, da yamma

Yadda ake goge mutum. Bayan an gama ɗauka ana cewa kowa ya fita, a ɗauki wurin wayam babu kowa. Daga wannan hoton na wayam nake yanko maho ina rufe shi. Maho sak irin na wando, sai dai wannan dole ya bi mutum duk inda ya motsa, kuma kar a ga bakin ɗinki.

Ba a yanka mutum gaba ɗaya. Gaɓa gaɓa ake yi, hannu daban, ƙafa daban, kai daban. Shi ya koya min haka.

Na fara da sandar.

Alhamis, hutun rana

Na sami Anti a wajen shan shayi. Na ce ko za a ba ni yankin nan kaɗai a waya, Mama ta gani sau ɗaya in goge. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ba nawa ba ne, ƙanwata. Na sa hannu, duk mun sa. In hoto ɗaya ya fita, ɗakin nan gaba ɗaya rufe shi za a yi." Na ce in an gama fa? Ta ce in an gama masu fim suna kwashe kayansu a share mana kwamfutoci, haka ake yi kullum.

Ta ce, "Bari in gani."

Na san "bari in gani". Mai shagon ɗinkinmu haka take ce wa wanda ba za a yi wa ɗinkinsa ba.

Wato ranar da na gama, ranar zai tafi.

Juma'a, da yamma

Hannun dama. A hankali nake yi.

Asabar, bayan la'asar

Na faɗa wa Mama. Ban yi niyya ba, muna tsintar shinkafa kawai ya fito.

Ta ce, "To kawo min." Na ce ba a fita da shi. Ta ce, "Ɗan nawa?" Na ce fim ɗin ne na mutane. Ta ce to. Ta ci gaba da tsinta.

Can ta ce, "Ke da kike ganinsa kullum, tashi ki yi min."

Na tashi na je bakin ƙofa, na tsallake takalmin, na riƙe muciya a matsayin sanda na taho ina jan ƙafa. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ke wannan ai agwagwa ce." Na sake. Na sake. Dariyar ta tsaya.

Ta ce, "Ba haka ba ne. Bar shi."

Ban gaya mata goge shi nake yi ba.

Lahadi, da safe

Ruwa aka yi. Ban fita ba. Na ci abinci.

Litinin, hutun rana

Akwai wani a ɗakinmu ana ce masa Sarkin Hayaƙi. Shi ke sa hayaƙi da hazo da mutanen nesa a titi, kuma shi ne abokin cin abincin Yaya. Tun da na dawo bai yi min magana ba, in mun haɗu a ƙofa ƙasa yake kallo. Yau ya kira ni ya nuna min titin da za a sa a bayan tsohon. Gidaje masu benaye, tagogin katako, igiyar shanya da kaya a kai, har da tsagewar bango da ciyawa a ciki. Na ce a ina ne wannan? Ya ce babu shi, su suka gina.

Ya ce, "Amma har yanzu bai yi ba. Dubi, kamar an yi shara an kori mutane." Ni dai na ga ya yi kyau.

Ya nuna min ƙwallon madubin a babban hoto, wai da shi yake daidaita rana. In ka matso da shi sosai ana ganin duk filin a ciki, da kyamara da mutane, da wanda ke riƙe da sandar, ɗan ƙarami, a lanƙwashe. Ya ce, "Kullum da shi nake aiki." Ya mayar da hoton yadda yake.

Talata, da yamma

Ƙafafu. Na bar ta hagu sai ƙarshe.

Doguwar hanya.

Laraba, hutun rana

Anti ta tsaya a bayana ta ce, "Ina aka kwana?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Jiya ma saura kaɗan." Dogo ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ai teloli haka suke, Anti, gobe gobe har biki ya wuce." Wasu suka yi dariya, sai suka yi shiru kamar sun yi laifi. Ni kam na ji daɗi. Na ce masa, "Kai ai yadin wandonka kaɗai sai a rufe filin nan." Ya ce, "Yauwa, ta farfaɗo."

Ban farfaɗo ba. Amma ban ce ba.

Yanzu abin da ya rage rigar da kai. Suna yawo a iska babu ƙafa babu hannu. Na san ba kyau in bar shi haka.

Alhamis, da hantsi

Rigar. Aljihun nan dai na so in gyara shi tun lokacin. Ya ce in bari, wai alamar kamfani ce.

Alhamis, dab da tashi

Na gama.

Gashi ya fi wuya, kowa ya sani, sai an matso da hoton sosai har ya zama ƙananan murabba'ai. In ya kai haka ba fuska ba ce kuma, kala ce kawai, wannan ruwan ƙasa wannan baƙi. Haka na yi ta yi ban janye ba. Da na janye na kunna, tsoho yana tafiya da jakarsa shi kaɗai.

Na tura wa Anti. Na wanke kofina. Na karɓi wayata a akwati.

Ban ji komai ba. Ina ta jira in ji.

Juma'a, da yamma

Ranar duba aiki ce. Akwai ƙaramin ɗaki mai babban allo, a nan ake taruwa a kashe fitila a kalli abin da kowa ya yi. Anti ta riga ta haɗa nawa da titin Sarkin Hayaƙi. Ƙasar da tsohon ke takawa ta gaske ce, daga bango zuwa sama ne na kwamfuta.

Aka kunna. Tsoho ya taho. Sai ga wani abu baƙi dogo ya shigo ta hagu a ƙasa, yana tafiya, ya tsaya, ya ɗaga hannu, ya fice.

Wani daga baya ya ce, "Kai, aljani!" Dogo ya ce masa, "Rufe mana baki."

Inuwarsa ce. Na goge mutum na bar inuwa. Wannan shi ne kuskuren da ake yi wa sabbin shiga dariya a kai, tun makon farko Yaya ya ja min kunne, ya ce in kin cire mutum ki duba ƙasa. Kuma wallahi ba da gangan na bari ba. Duk kwanakin nan ban taɓa kallon ƙasa ba. Shi nake kallo.

Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, zan goge." Muryata lafiya lau ta fito.

Anti ta ce a sake kunnawa. Aka sake. 

Sai Sarkin Hayaƙi ya yi gyaran murya ya ce, "Anti, ni fa ina da magana, kuma ta aiki ce." Ta ce faɗi. Ya ce, "Tun yaushe nake ƙera inuwar masu wucewa ina sa wa titin nan, kina cewa ta yi kama da kwali? Ga ta gaske, rana ɗaya da ta tsohon, tsawo ɗaya. A bakin hoto take, kowa zai ɗauka wani ne ke wucewa ta gefe." Dogo ya ce, "Da sanda da ƙwallaye?" Ya ce, "Mai talla ne. Titi ba ya rasa mai talla."

Anti ta ce, "Ba ni ke yankewa ba. Zan tura wa darakta iri biyu, da ita da babu ita. Ƙanwata, ki yi wadda babu."

Na koma na goge inuwar. Ba ta da wuya. Kafin a tashi na gama.

Asabar

Babu komai.

Lahadi, da yamma

Mama ta ce me ya sa ba na cin abinci. Na ce na ci.

Litinin, hutun rana

Darakta ya zaɓi mai inuwa. Wai titin ya yi rai. Bai san ko ta waye ba, Anti ta ce ba ta gaya masa ba, don kar ya zaɓa saboda tausayi gobe ya canza.

Sarkin Hayaƙi ya wuce ta bayan kujerata ya ɗan buga ta da yatsa, bai tsaya ba.

Ina shirin rufe littafin nan Anti ta zo. Ta ce tun ranar da na roƙe ta take bin masu fim, sai yau suka amsa. Ba za a fita da komai ba. Amma Mama za ta iya zuwa ta gani a nan, ta ajiye waya kamar kowa. Laraba, don Alhamis za a share.

Ashe "bari in gani" ɗinta ba irin na shagonmu ba ne.

Talata, da yamma

Mama ta goge kayanta tun yau. Ta tambaye ni ko ana cire takalmi.

Laraba, bayan mun dawo

Ta saka wayarta a akwati da hannu biyu. Duk ɗakin suka miƙe. Dogo ya rusuna har ya kusa kai tsawon mutane, Mama ta ce, "Kai ne mai tsokanar min 'ya?" Ya ce, "Mama, sharri take min." Anti ta ce, "Sannunku da zuwa, Mama, ku zauna nan tsakiya." Sannan ta fitar da kowa ta bar mu mu biyu, ta nuna min abin da zan danna.

Na kunna na asali, wanda ba a taɓa ba. Koren yadi, tsoho, sai ga shi ya shigo.

Mama ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Da ya juyo yana dariya ya ɗaga hannu sai ta kare fuskarta da mayafi ta ce, "Kashe, kashe, Auta." Na kashe.

Muka zauna a duhu. Na ce mu tafi? Ta ce a'a.

Sai na gaya mata. Na ce aikin da aka ba ni goge shi ne, kuma na goge, ni da hannuna. Na ce saura abu ɗaya da ya tsira. Ta ce nuna min.

Na kunna na fim ɗin. Titin nan da babu shi a duniya, da benaye da shanya. Tsoho ya taho. Inuwa ta shigo.

Ta matso bakin kujera. Ta ce, "Ga shi nan. Kin ga kafaɗar? Ba ƙafar kaɗai ba ce, kafaɗar dama ce take fara sauka. Shi ne abin da kika kasa." Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Wannan ya fi min. Wancan kamar zai yi min magana." Na yi ta sakewa ban ƙirga ba, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Da za mu fito ta ce, "Wato duk wanda ya kalli fim ɗin nan zai gan shi?" Na ce eh, amma ba za su san shi ba ne. Ta ce, "Ina ruwana da su."

Alhamis, hutun rana

An share. An ba ni sabon yanki, wata mata da laima.

Na duba ƙasa tukuna.

Alhamis, da yamma

Ina shigowa gida na tarar da Mama a tsaye a bakin ƙofa kusa da takalmin. Ta ce, "Tsaya nan ki gani." Ta gyara zaninta, ta sauke kafaɗar dama, ta taho tana ɗan jan ƙafar hagu har tsakiyar ɗaki. Ta tsaya ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Haka ne?"

Na buɗe baki in ce haka ne, muryar ta ƙi fita. Na zauna a ƙasa da jakata a kafaɗa. Ta zo ta zauna kusa da ni. Shinkafar ta kama a wuta, ba wanda ya tashi.